Yadda Ake Koya wa Ƙaramin Yaro Yanke Shawara a Gida da Cikin Unguwa

A gidajenmu da yawa, yaron da ake yabo shi ne wanda in an tambaye shi abin da yake so zai sunkuyar da kai ya ce, "Duk wanda aka ba ni." Ladabi ne, ban musa ba. Sai dai yaron nan zai girma, wata rana abokai su ja shi wani wuri, ko baƙo ya tsayar da mota ya ce wa yarinya ta shigo ya rage mata hanya, babu uwa a kusa, babu kawu. Wanda bai taɓa auna abu biyu ya ɗauki ɗaya da kansa ba, wanda ya fi shi baki zai bi.

Na daɗe ina rainon yara, nawa da na dangi da na maƙwabta. Abin da na gani shi ne yaro ba ya koyon zaɓi ta hanyar nasiha. Sai an ba shi zaɓi na gaskiya, ƙarami daidai ƙarfinsa, an bar shi ya ɗanɗani abin da zaɓin ya haifar, kuma a tsakiyar mutane, inda zai ga yadda wasu ke yi, su ma su ga nasa. Bayanin nan na yara ne daga shekara 2 zuwa 8. Da uwa nake magana, amma maigida da kaka da malamar Islamiyya duk za su iya bi.

Kayan da za ki tanada

Babu abin da sai kin je babban kanti. Ki nemi asusu na ƙasa irin wanda masu tukwane ke sayarwa, in babu, gwangwanin madara da aka huda wa murfi ya isa. Ki riƙa ajiye ƙananan kuɗi, 'yan naira 50 da 100 da 200, a Nijar kuwa dala biyar, dala goma, dala ashirin. Sai tsakuwa ko ƙwallon dabino guda 12 da guntayen kara 12 na dara, da faranti ɗaya na rabon abinci. In gidan na da fili, a ƙara da budurwar kaza ɗaya.

Sauran kayan aikin mutane ne, kuma su suka fi wuyar samu: yara uku zuwa shida sa'annin naki, ciki har da ɗaya ko biyu da suka ɗan girme shi; mai kanti ko mai tebur ɗaya amintacce a layinku; da babba ɗaya wanda yaron ke sakewa da shi. Sau da yawa kaka ce, saboda wasan jika da kaka yana ba yaro damar faɗin abin da ba zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ba. In ɗan fari ne kuma kina kunyarsa, kada ki tilasta wa kanki. Ki damƙa wa gwaggonsa ko abokiyar zamanki wuraren da ke buƙatar doguwar hira, ke ki tsaya kan shiryawa.

Na ƙarshe shi ne lokaci. Yaro ɗan shekara 3 zai iya cinye minti biyar yana kallon riga biyu. In kina sauri, ranar ba ranar koyarwa ba ce.

1. Ki fara da manyan gidan

Kafin ki ce wa yaro uffan, ki zauna da duk mai iko a kansa: maigida, kaka, abokiyar zama, manyan yayye. Ku raba al'amuran yaron gida uku. Akwai nasa, wanda in ya zaɓa ba mai tayarwa: rigar zaman gida, wasan da zai yi, kofin da zai sha koko da shi. Akwai na shawara, wanda za a ji ta bakinsa amma babba ke yankewa: kayan Sallah, gidan da za a kai shi hutu. Akwai kuma na babba zalla: shan magani, rigakafi, zuwa makaranta, kusantar wuta da rijiya da titi, fita bayan magariba.

Matakin nan ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke rusa aikin. Kin bar yaro ya zaɓi jar riga, ya fito tsakar gida, Hajiya ta ce, "Wa ya sa maka wannan? Je ka cire." Abin da ya koya ke nan: zaɓinsa banza ne, a jira babba. In Hajiya ba ta yarda da tsarin ba, kada ki ja da ita, surukarki ce. Ki roƙe ta abu ɗaya tak: "Hajiya, don Allah in kin ga abin gyara, ni za ki faɗa wa bayan ya fita." Yawancin kakanni suna amincewa da wannan. In ya gagara, ki taƙaita zaɓin yaron ga abin da ke cikin ɗakinki.

2. Zaɓi tsakanin abu biyu (shekara 2 zuwa 4)

Ki ɗauko abu biyu waɗanda duk wanda ya ɗauka kin yarda. Ki durƙusa daidai tsawonsa, ki riƙe su a hannu, ki ambaci sunansu: "Shuɗiya ko fara?" "Koko za ka sha ko kunun gyaɗa?" Sai ki yi shiru. Ko ya nuna da yatsa ya wadatar. Ki maimaita masa da baki: "To, ka zaɓi fara." Sau biyu ko uku a yini ya isa. In ya yi yawa yaro yana gajiya, sai rigima.

Biyu nake cewa, ba biyar ba. Ɗan shekara 3 da aka buɗe wa akwati aka ce ya ɗauki abin da yake so, ko dai ya zazzage kayan duka ko ya fashe da kuka.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Na farko, tambayar da ba tambaya ba ce. Kin ce "Za ka yi wanka?" alhali dole ne ya yi. Ya ce a'a, kin ɗauke shi cak zuwa banɗaki. Gara ki ce, "Lokacin wanka ya yi, da kanka za ka taka ko in ɗauke ka?" Wankan ba ya cikin zaɓi, hanyar zuwa ce tasa. Na biyu, zaɓi mai tarko: kin nuna biyu, ya ɗauki ɗaya, kin ɓata fuska kin ce ai ɗayar ta fi kyau. Yara suna karanta fuska fiye da yadda muke zato, nan da nan zai daina kallon rigar ya koma kallonki. Na uku, haɗa zaɓi da barazana: "Ka ci ko in zane ka." Wannan umarni ne, a bar shi a matsayinsa.

In yaron ya ce "Duk wanda kika ba ni," kada ki yi masa faɗa, abin da aka koya masa ne. Ki ce, "Na gode, amma yau kai nake so ka faɗa." In ya yi shiru, ki ajiye su a tabarma ki juya baya kamar kina wani aiki. Da yawansu sai ido ya bar kansu suke miƙa hannu. Wanda kuma ke canzawa, ya ɗauki fara, an sa masa, ya ce shuɗiya yake so, ki ba shi damar canji sau ɗaya kafin a sa. Da zarar an sa, sai gobe.

3. Ki bar zaɓin ya yi aikinsa

Nan ne zuciyar uwa ke karyewa. Yarinya ta zaɓi ta cinye ƙosanta duka da safe, hantsi ya yi ta ga na yayarta tana kuka. Hannunki zai kai ga faranti da kansa. Ki riƙe shi. Ki rarrashe ta, ki ce, "Na san kina so. Kin cinye naki ɗazu. Gobe in kin ga dama ki rage biyu." Ba a hana ta abincin rana ba, ba a bar ta da yunwa ba, ƙosai biyu kawai ta rasa, kuma ta san dalili.

Ma'aunin da nake amfani da shi: in abin da zai biyo baya ɗan takaici ne wanda zai wuce kafin dare, a bari ya faru. In ciwo ne, ko asarar da ba a mayarwa, ko cutar da wani, a tare shi tun kafin. Masu cewa yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, karin magana suke yi, ba wanda ya ce a miƙa masa garwashi. Yaro ya ƙi sa rigar sanyi da safen hunturu, ki saka ta a jakarsa, in iska ta kaɗa shi zai nema. Amma jariri ko mai tari ba a yi masa wannan gwaji.

Babban abin da ke ɓata matakin nan shi ne gori. "Ba na faɗa maka ba? Maganinka ke nan!" Da kin faɗi haka, hankalin yaron ya bar kan abin da ya faru ya koma kan kare kansa daga gare ki. Gaba in ya yi kuskure, ɓoyewa zai yi. Ki hana yayyensa ma yi masa dariya.

4. Tatsuniya da tsayawa a tsakiya

Bayan sallar isha'i, a tara yara, da na maƙwabta in sun samu izini. "Ga ta nan, ga ta nanku." "Ta zo mu ji ta." Ki ba da tatsuniyar yadda kika gada, sai dai in an zo inda wani zai yanke shawara, ki tsaya.

Ɗauki ta Gizo da hankaki. Hankaki sun ara masa gashinsu, kowa ɗaya, ya samu fukafukai ya bi su zuwa itacen ɓaure a tsakiyar ruwa. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya fara gani. Ki tsaya nan. "In kai ne hankaka, me za ka yi?" Wani zai ce a ƙwace gashin, wata ta ce a yi masa kashedi tukuna, wani ya ce a bar shi ai yunwa yake ji. Kowa ki tambaye shi, "Daga nan sai me zai faru?" Wannan tambayar ce ƙashin bayan aikin duka, domin ita ke koya wa yaro ya leƙa gaba da taki ɗaya. Ki bar su su yi gardama kaɗan, sannan ki ƙarasa har ƙurunƙus.

Kada ki ce amsar wane ce daidai. Kada kuma ki mayar da kowace tatsuniya jarrabawa, tsayawa ɗaya a dare ta isa, in ba haka ba za su gudu. Wadda ba ta iya tatsuniya ba, ta gayyato tsohuwa a unguwa, ko ta yi amfani da abin da ya faru a gida ranar: akuyar maƙwabta ta shigo ta ci dusa, me ya kamata a yi?

5. Wasa da sa'anni, ke kuma ki ja baya

Akwai wani masanin tarbiyyar yara na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934. Ya yi bayanin cewa akwai abin da yaro ke iyawa shi kaɗai, akwai kuma wanda bai iya ba tukuna amma zai iya in wanda ya ɗan fi shi ya kama masa, kuma a nan ne koyo ke faruwa. Shi ya sa na ce a sa ɗan shekara 7 ko 8 a cikin 'yan shekara 5. Ƙaramin yana kwaikwayon yayansa fiye da yadda yake sauraron babba.

Ki ba su fili a ƙofar gida ko tsakar gida, inda idonki ke kai wa. Wasanninmu cike suke da yanke shawara. A langa sai an raba ƙungiya, an zaɓi wanda zai zama ruwa, an shirya wa zai tare wa. A carafke da 'yar gala-gala sai an daidaita wa zai fara, da abin da ake kira faɗuwa. A wasan 'yar tsana ana raba wace ce uwa, wace ce amarya, wa zai je cefane.

Dara kuwa, ga 'yan shekara 6 zuwa sama, ban san abin da ya kai ta ba. A haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Kowa na da 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya kara. A fara da zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gurbi na kusa. Wanda ya jera uku ya ci, ya ɗauke ɗan abokin wasansa ɗaya. Ga mai koyo, ki rage: gurabe tara, 'ya'ya uku-uku. Ƙa'ida ɗaya za ki tsare: in ka saki ɗa, ba mayarwa. Ana ɗaukar dara wasan maza, amma 'yan mata na iya ta sarai in an koya musu.

Aikinki a nan shi ne haƙuri da gardama. Da kin ji "Ni na fara!" "Ƙarya ne!" kada ki taso da gudu ki raba. Ki ƙirga zuwa talatin a zuci. Sau da yawa za su sasanta, ko da hanyar ba ta yi miki ba. In sun kawo ƙara, ki mayar musu: "To, ku me kuka ga za a yi?" Kina shiga ne in an kai ga duka, ko an haɗu wa ɗaya kai, ko kullum yaro ɗaya ne ke yanke komai. Mai mulkin nan, ba a korarsa. A kafa juyi: yau wane ke zaɓen wasa, gobe wance.

Akwai wata dabara ta rabo da nake so ƙwarai. In an kawo gyaɗa ko rake ko ƙuli-ƙuli, ki ba yaro ɗaya faranti ya raba, da sharaɗin shi zai ɗauka a ƙarshe. Za ki ga ɗan shekara 5 ya zama alƙali, yana ƙirga gyaɗa ɗai-ɗai.

In kuna zaune a gidan da ba a fita, ko unguwar ba ta da tsaro, ki haɗa baki da mata biyu ko uku, a riƙa karɓa-karɓa: wannan Asabar a gidanki, mai zuwa a gidan wata.

6. Aike

Aike makaranta ce da muka gada, sai dai mun fi amfani da ita don hutar da ƙafarmu. Ga yadda ake hawa.

Daga shekara 3 zuwa 4, a cikin gida: "Kai wa Baba ruwa." "Faɗa wa Inna ana sallama." Daga 5, gidan da ke jikin naku, kina tsaye a ƙofa. Daga 6 zuwa 7, kanti ko teburin da ke layinku, da rana, ba tsallake titi, da farko tare da yayansa.

Kafin aiken kanti na farko, ki je da kanki ki yi magana da mai kantin. "Malam, zan riƙa aiko yaron nan. In abin da na ce babu, don Allah kada ka zaɓa masa, ka faɗa masa abin da ke akwai ka bar shi ya yi tunani. In ya yi kuskuren canji ka nuna masa." Ban taɓa ganin mai kantin da ya ƙi ba, wasu ma daɗi suke ji. Ɗa na kowa ne, amma sai an gaya wa kowan abin da ake so ya yi.

Sai ki bar ƙofa a buɗe a cikin aiken. Ki ba shi naira 200 ko 500, ki ce ya sayo sabulun wanki, sannan ki tambaye shi tun a gida: "In ka tarar babu irin namu fa?" Ki bar shi ya kawo hanyoyi: ya dawo da kuɗin, ya sayo wani iri, ya duba teburin gaba. Ku tsayar da waɗanda aka yarda da su. In ya dawo, duk wadda ya bi a ciki, ki karɓa, ko da ke ba ita za ki bi ba. Ki tambaye shi dalili cikin sakin fuska, irin tambayar mai son ji.

Ku kuma yi gwajin abin da ba a fata, kamar wasa. Ke ki zama baƙo: "Yaro zo, babanka ne ya ce in kai ka." Me zai ce? Ina zai nufa? Ki koya masa cewa akwai babban da ake ce wa a'a, kuma hakan ba rashin kunya ba ne. Ya san gidaje biyu a layin da zai iya faɗawa in ya tsorata. Yaron da aka raina a kan cewa duk babba bin sa ake yi, shi ne ya fi sauƙin ɗauka.

Kada kuɗin aiken farko ya zama wanda in ya ɓata za ki kasa haƙuri. Zai ɓatar wata rana, kowane yaro yana yi. In kin zane shi a kan naira 100, kin sayi tsoro da tsada. Kuma aike daban, talla daban. Ɗora wa 'yar shekara 6 faranti ta yini a tasha ba koyar da shawara ba ne, jefa ta ne inda shawarar ta fi ƙarfinta.

7. Asusu da kaza

Kuɗin barka da Sallah shi ne dukiyar farko da yaro ke mallaka, kuma mun san inda yake zuwa: "Kawo in ajiye maka." Shi ke nan, an yi cefane. Yara ba sa mantawa. In dole ce ta sa kika taɓa, ki faɗa masa rance ne, ki kuma biya a gabansa.

Ki zube masa kuɗin a tabarma, ku ƙirga tare, ya kasa uku: na kashewa yanzu, na asusu, na kyauta ko sadaka. Nawa zai sa a kowanne, nasa ne. Na kashewa, in ya ga dama ya ƙarar a kan alewa da balan-balan a yini ɗaya, ki yi shiru. Na asusu, ku sa masa buri mai suna da ranar fasawa: ƙwallo, ko takalmi, kafin Babbar Sallah. Tsakanin sallolin biyu wata biyu ne da 'yan kwanaki, daidai haƙurin ɗan shekara 6. Asusun ƙasa ya fi gwangwani domin sai an fasa, kuma fasawar kanta shawara ce. In ya matsa zai fasa kafin lokaci, ki ce ya kwana a kai. In gari ya waye yana nan kan bakansa, nasa ne.

Kaza ta fi asusu koyarwa, don tana da rai. Ki ba shi ita a gaban mutanen gida, kowa ya ji ta wane ce. Shi ke ba ta tsaba da ruwa, shi ke duba ta shiga akurki da yamma. In ta fara ƙwai, ga babbar tambaya: a soya masa, a sayar, ko a bar mata ta kwanta? Ki gaya masa gaskiyar kowanne. Kwanci kwana 21 ne, ba duka ke ƙyanƙyashewa ba, shaho na ɗauka, kuma cutar kaji tana yawa da hunturu. In ya ce rabi da rabi, ya gano abin da wasu manya ba su gano ba. In kazar ta mutu, a bar shi ya yi kukansa, kada a ce laifinsa ne, kada kuma a sayo wata a ranar.

In baƙo ya zo, kada a yanka kazar yaro ba da izininsa ba. A tambaye shi, in ya yarda a biya shi ko a musanya. A gidan haya da ba a kiwo, a ba shi tsohon bokiti ya shuka alayyafo ko tumatir, tambayoyin kusan ɗaya ne: a tsinka yanzu ko a bari ya ƙara girma?

8. Ba shi wuri a zaman shawara

Daga shekara 6 zuwa 7, lokacin da wayo ya fara zama, hadisi kuma ya ce a fara umartar yaro da salla yana ɗan shekara 7, ki riƙa sa shi cikin shawarar da ta shafi kowa. Sau ɗaya a mako, ko da minti goma bayan cin abinci. Magana ɗaya: me za a dafa ran Juma'a, wa zai yi shara wa zai yi wanke-wanke, gidan wa za a fara zuwa yawon Sallah. A fara jin ta bakin ƙarami, domin in babba ya riga magana, sauran amin kawai za su ce. A ƙarshe maigida ko ke ku yanke, ku faɗi dalili. Ya kamata wani lokaci ra'ayin yaron ya yi nasara da gaske, wani lokaci kuma ya faɗi ya koyi haƙuri.

Wanda ya ce wannan sangarta ce ko baƙuwar al'ada, ki tuna masa aya ta 38 a Suratus Shura, inda aka yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu. Akwai kuma hadisin Sahlu ɗan Sa'adu a Bukhari da Muslim: an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, yaro na damansa, dattawa na hagunsa. Ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan, yaron bai yarda ya bar wa kowa rabonsa ba, sai ya miƙa masa. An tambayi yaro, ya ce a'a, kuma a'ar ta tsaya.

A waje ma akwai irin wannan zama. In azumi ya kai kwana goma yara suka fara tashe, ki bar su su shirya da kansu: wa zai yi wane, wane layi za a bi, yaya za a raba hatsi da kuɗin da aka samu. Naki shi ne iyaka: kada a bar unguwa, a dawo da wuri, babban yaro ɗaya na tare da su. Ranar gayyar gyaran kwata kafin damina, a ba ƙananan yankinsu na tsintar leda nesa da ruwan datti, su raba aikin a tsakaninsu. Ki kuma roƙi malamin allo ko malamar Islamiyya su riƙa juya ƙananan muƙamai, kamar mai shimfiɗa tabarma da mai tara alluna, kada su dawwama a hannun yaro ɗaya.

9. Bita, da sanin lokacin ƙarawa ko ragewa

Bayan kowace shawara mai ɗan nauyi, in rai ya kwanta, ba a cikin kuka ba, ki yi masa tambaya uku: me ka zaɓa, me ya faru, in an sake me za ka yi? Ki yi haka ko abin ya yi kyau, kada bita ta zama alamar an yi laifi. Ki yabi tunanin, ko da sakamakon bai zo daidai ba: "Na ji daɗi da ka tsaya ka tambayi mai kanti kafin ka saya." Ke ma ki riƙa yin naki tunanin a bayyane a gabansa: "Kuɗin nan ba zai kai nama da mai ba. Mai ya kusa ƙarewa, bari mu sayi mai, naman sai jibi." Ta haka yake jin yadda babba ke aunawa.

In kin ga ya fara kawo dalili ba a tambaye shi ba, yana cewa "bari in yi tunani," ko yana jure rashin nasara ba birgima, ki ƙara masa: abu uku maimakon biyu, kanti mai ɗan nisa, kuɗi mai ɗan yawa. In kuma an yi sabuwar haihuwa, ko an yi ƙaura, ko ya tashi daga ciwo, za ki ga ya koma "ke ki zaɓa mini." Ki koma mataki na biyu na ɗan lokaci, zai dawo.

Mai taurin kai, ki ƙara masa faɗin abin da ke nasa, ki kuma tsare iyakar na babba ba sassauci, yawanci rigimarsa na raguwa in ya san inda ikonsa yake. Mai kunya, ki fara da shi ku biyu a ɗaki, sannan gaban kaka, sannan cikin yara, kada a tsayar da shi gaban baƙi a ce ya yi magana. Ki kuma duba ko 'ya'yanki mata na samun abin da mazan ke samu. A gidaje da yawa namiji ne ake aika da kuɗi a ba shi kaza, mace a ce ta riƙe ƙaninta. Ita ma a ba ta asusunta da kazarta, kuma in an zauna shawara a kira sunanta a jira ta gama magana.